Ruwan Gishiri, Surace ko Maganin Ɗigawa: Abin da Mai Ciwon Sainos Zai Duba Kafin Ya Saya

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, hazo ya lulluɓe duwatsun da ke kewaye da garin Bauchi, masu kemis daga Wunti har Yelwa sun san abin da za a fi tambayarsu, wato maganin toshewar hanci. Yawancin masu sayen nan mura ce ke damunsu, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma takan wuce ko an sha magani ko ba a sha ba. Wannan bayani na waɗanda hunturu ke wucewa ne, bazara ta shigo, damina ta sauka, amma hancinsu na nan a toshe, majina mai kauri na gangarowa ta maƙogwaro, goshi da kumatu sun yi nauyi musamman idan an yi sujada, ƙamshin miya ma sai dai a ba su labari.

A cikin ƙashin fuska akwai ramuka masu ɗauke da iska da ake kira sainos, huɗu a kowane ɓangare: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane rami yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci, ta nan majina ke fita. Idan fatar da ta shimfiɗe cikinsu ta kumbura, ƙofofin sai su ƙuntace, majina ta taru. Likitoci na kiran ciwon mai naci idan ya kai mako 12 bai saki ba, kuma a wannan mataki kumburin da ya ƙi sauka ne babbar matsala, fiye da ƙwayoyin cuta. Saboda haka, duk abin da za a miƙo wa mutum a kanti, ya kamata ya tambayi kansa ko yana taɓa kumburin da majinar da ta taru, ko kuwa daɗin ɗan lokaci kawai yake bayarwa.

Abin da ya fi saurin fita a kemis shi ne maganin ɗigawa ko fesawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin, masu ɗauke da sinadarin xylometazoline ko oxymetazoline. Aikinsa matse jijiyoyin jinin da ke cikin hanci, shi ya sa cikin 'yan mintuna mutum ke shaƙar iska kamar bai taɓa ciwo ba. Ga mai mura da ke son ya samu barci dare biyu ko uku, babu laifi. Ga mai ciwon watanni kuwa tarko ne, domin idan aka zarce kwana uku zuwa biyar ana amfani da shi, jijiyoyin kan saba, da ƙarfin maganin ya sake su sai su kumbura fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, a haka har ya zama ba ya iya fita sai da kwalba a aljihu. Kuɗin kwalba ɗaya ba shi da yawa, amma wanda ya shekara yana saye ya biya kuɗin ganin likita ninkin-ba-ninki. Ƙwayoyin mura na haɗiya masu pseudoephedrine su ma suna buɗe hanci, sai dai suna ɗaga hawan jini, suna sa bugun zuciya da rashin barci, don haka mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita.

Wanke hanci da ruwan gishiri shi ne ya fi kowanne arha, kuma a cikin dabarun gida shi ne likitocin hanci suka fi amincewa da shi. Yana tsinka majina, ya kwashe ƙura da abubuwan da ke tayar da kumburi. A kasuwa ana samunsa ta fuska huɗu. Akwai gwangwanin feshin ruwan teku irin Sterimar, mai tsabta da sauƙin ɗauka, wanda ya dace da yara da matafiya, amma yana da tsada kuma ruwan da yake fitarwa kaɗan ne, jiƙa hanci yake yi fiye da wankewa. Akwai robar matsawa irin ta NeilMed mai cin mililita 240, wadda ke zuwa da ƙunshin gishirinta a aune. Akwai 'yar butar da ta samo asali daga Indiya, da ake kira neti, wadda ruwa ke gangarowa daga cikinta da nauyinsa kawai. Sai kuma babban sirinji da aka cire wa allura, wanda kowane kemis ke da shi. A ganina robar matsawa ta fi, domin yawan ruwan da ke ratsa hanci shi ne ke yin aikin, kuma mutum ne ke iko da ƙarfin matsawar. Wanda bai same ta ba, ko kuɗinta ya fi ƙarfinsa, sirinji mai cin mililita 20 ko 50 zai wadatar da shi, illa dai zai yi ta ɗiba sau da yawa.

Ma'aunin da ya yi daidai da ruwan jiki shi ne giram 9 na gishiri a lita ɗaya. A lissafin gida, rabin lita, wato adadin ledar fiya wata guda, yana son ƙaramin cokalin shayi ɗaya da bai kai ga cika ba. Idan gishirin ya yi yawa zai yi raɗaɗi, idan ya yi kaɗan ma haka, domin zallar ruwa na ƙona cikin hanci. Ana iya ƙara ɗan bekin soda kaɗan don ya rage zafin, amma kada a ɗauka kanwa za ta maye gurbinsa, domin ƙarfinta ba a aune yake ba, ga ƙasa da datti a jikinta. Gishirin leda mai laushi ya fi na buhu da ake aunawa a buɗe. Wanda ba ya son wahalar awo yana iya sayen ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, wanda an riga an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, amma ya karanta jikin ledar ya ga an rubuta 0.9%, kada a ba shi mai sukari.

Ruwan da za a haɗa da shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Ruwan da ya halatta a sha ba lallai ne ya dace da cikin hanci ba, saboda ciki yana da sinadari mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cuta, hanci kuwa ba shi da shi, kuma rufinsa siririn ƙashi ne mai ƙananan huji da jijiyoyin jin ƙamshi ke bi su shiga ƙwaƙwalwa. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, kamar na tafki da na tankin da rana ke duka. Idan aka sha ta ba ta yin komai, amma idan ta bi ta hanci takan kai ga ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo a butar neti, an kuma sha samun irin wannan a birnin Karachi na Pakistan. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan, amma rigakafinta bai wuce wutar murhu ba. Ko ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar Gubi ne, ko na rijiya, ko na burtsatse, ko na jarkar 'yan ga-ruwa, ko fiya wata mai lambar NAFDAC, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti uku zuwa biyar, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a ajiye a mazubi mai murfi, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar. Robar ko sirinjin a wanke da tafasasshen ruwa bayan kowane amfani, a kife ya bushe, kowa da nasa, kuma kada a yi aron butar bayan gida don wannan aiki.

Yadda ake yi ba wuya: a sunkuya a kan kwano, a karkata kai, a buɗe baki ana numfashi ta nan, a matsa ruwan a hankali ta kafa ɗaya ya fito ta ɗayar, sannan a fyace ba da ƙarfi ba don kada ruwa ya haura kunne. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, kuma sai an jure makonni kafin a ga bambanci. Mai ciwon kunne ya dakata tukuna. Mai azumi kuma ya bari sai bayan shan ruwa ko kafin sahur, tunda ruwan kan zarce maƙogwaro.

Surace tsohuwar al'ada ce, kuma ba na musun cewa ana jin sauƙi a ƙarƙashin bargon. Sai dai a 2016 masu bincike na Jami'ar Sawuthamton a Ingila sun gwada shi tare da wankin hanci a kan mutum 871 masu wannan ciwo, suka ga wankin ruwan gishiri ya rage damuwar, surace kuwa ban da ɗan sauƙin ciwon kai bai canza wani abu ba. Haɗarinsa kuma a fili yake, domin tukunyar tafasasshen ruwa a gaban yaron da aka lulluɓe da zane, motsi ɗaya ya isa ya jawo ƙunar da ta fi murar muni. Babba na iya yi idan yana jin daɗinsa, da ruwan da aka sauke ya ɗan sarara. Yara kuwa a bar su, tsumma mai ɗumi a kan kumatu ya fi musu aminci. Sayen na'urar tururi mai aiki da lantarki, a garin da wutar ma sai an yi sa'a, ban ga ribarsa ba.

Man zafi irin su Robb da Mentholatum da Aboniki sanyin mentol ɗinsu ne ke sa a ji kamar hanci ya buɗe, alhali hanyar iskar na nan yadda take. A ƙirji ko a wuya babu damuwa ga babba, amma ba a cusa shi cikin kafar hanci, ba a kuma shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, domin kafur ɗin da ke cikin irin waɗannan mayuka guba ne ga ƙananan yara. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami yana ɗumama jiki ya tausasa maƙogwaro, zuma ma haka, in ban da jaririn da bai cika shekara ba, wanda ba a ba shi zuma sam. Man habbatus sauda da ake samu a shagunan magungunan Musulunci, wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma tsaya a kan sha ko shafawa. Ɗiga kowane irin mai a hanci kullum, har da man shanu da man kaɗanya, yana iya sulalewa zuwa huhu ya taru a can. Gutsuren tafarnuwa da ake turawa cikin hanci, wanda bidiyon TikTok ya yayata, ƙona fatar yake yi, majinar da ke zubowa bayan an cire shi kuma ta fushin hancin ce, ba tsohuwar da ta taru a ramuka ba. Garin shaƙawa mai sa atishawa shi ma haka yake, ga shi sau da yawa ba a san abin da aka daka a ciki ba.

Akwai kuɗin da ba a kemis ake kashe shi ba. Takunkumin rufe hanci ga mai hawa babur ko mai zama a bakin titi lokacin hazo, da rage hayaƙin itace da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe, suna iya yin abin da kwalabe da yawa ba su yi ba.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Ampiclox da Augmentin da ake saye ba takardar likita ba sa cikin dabarun gida, kuma shansu duk lokacin da majina ta yi kore bai kawar da kumburin ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Abin da ya cancanci a haɗa da ruwan gishiri shi ne feshin hanci mai rage kumburi, irin mai fluticasone ko mometasone, wanda ake fesawa bayan an wanke, ana karkata bakinsa zuwa gefen kunne don kada ya jawo haɓo. Ba ya buɗe hanci nan take, yakan ɗauki mako biyu ko fiye, shi ya sa masu gaggawa ke yar da shi su koma wa na ɗigawa. Ya fi kyau likita ya rubuta shi bayan ya leƙa hancin, domin wani lokaci tsiro ne ya toshe hanya, wani lokaci ruɓaɓɓen haƙorin sama ne ya huda zuwa ramin kumatu. Mai asma da ke da tsiron hanci kuma ya yi hattara da asfirin da ibuprofen, parasitamol ya fi masa.

Akwai alamomin da ba a tsayawa gwajin gida a kansu: kumburi ko ja a kewayen ido, gani biyu-biyu, matsanancin ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko toshewar kafar hanci ɗaya tak mai zuwa da jini ko wari. Mai ciwon sukari da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ma kada su jinkirta. A Bauchi ana ganin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, na ɓangaren Gombe kuma a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke can. Mai zuwa ya tattara duk kwalaben da ya yi amfani da su a leda ya tafi da su, ya kuma faɗa wa likita tsawon lokacin da ya yi yana ɗiga kowanne.