Wuƙar aljihu: ta sefa dubu takwas ko ta dubu ɗari?

Bara da hunturu na yi wata wauta da har yau abokaina ba su daina min tsiya a kanta ba. Na shiga wani butik nan Garwa a Kamaru sayen batirin tocila, idona ya faɗa kan wata wuƙa mai naɗewa, baƙa wuluk, kana taɓa ta da ɗan yatsa ta buɗe fat, an rubuta D2 ɓaro-ɓaro a jikin ruwanta. Ban ma tsaya ciniki sosai ba na biya. Sati biyu kacal, ferayar rake da yankan igiya da ɓarke kwali, sai ga bakinta ya lanƙwashe kamar murfin gwangwanin sardin. Na kai wa wani dattijo mai wasa wuƙaƙen mahauta, ya goga ta a dutse sau uku, ya shafa da babban yatsa, ya ce "ɗana, wannan ai ƙarfen cokali ne, nawa suka karɓa a hannunka?" Na ce Baba bar maganar kawai.

To D2 na gaske ba ya yin haka. Ƙarfe ne mai tauri, kabon ɗinsa wajen kashi 1.5 cikin ɗari, kuromiyom wajen 12, yana riƙe kaifi ya daɗe, matsalarsa ma akasin wannan ce, wato wasa shi aiki ne, kuma in ka dake shi da ƙashi zai iya ɓantarewa saboda yana da ɗan gautsi. Rubutun jikin wuƙa kowa na iya buga shi da inji, shi ya sa ni yanzu in ban san kamfanin ba kuma ban yarda da mai sayarwar ba, ko me aka rubuta ina ɗaukarsa ado ne.

Maganar ƙarfe ita ce mutane suka fi yin musu a kai, alhali abin ba wani sihiri ba ne. Abu uku ne ke jan juna: riƙe kaifi, jure duka, da ƙin tsatsa, in ka ƙara ɗaya galibi ɗaya zai ragu. Baƙin ƙarfe, wanda masu Faransanci ke ce wa karbon, irin XC90 na wuƙar Opinel ko XC75 na wuƙar Douk-Douk, yana ɗaukar kaifi kamar aska kuma da dutsen gida ma za ka tashe shi cikin minti biyu, ko a gindin kofin tangaran in ba dutse, amma ka yanka lemun tsami ko mangwaro ka mayar aljihu ba ka goge ba, gobe za ka ga ya yi dabbare-dabbare. Baƙin da yake yi a hankali ba laifi ba ne, jan tsatsa ne abin gudu. Shi kuma inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, sai kuromiyom ya haura kashi 10.5 ake kiransa haka, kuma shi ma hawa-hawa ne. 3Cr13 shi ne na wuƙaƙen tebur na kasuwa, taushi gare shi. 8Cr13MoV na Sin ya fi shi nesa ba kusa ba, talaka ne amma mai mutunci. 12C27 da ƙaninsa 14C28N na Alleima (tsohon reshen Sandvik) a Suwidin, su ne a ganina suka fi dacewa da mu, ba sa tsatsa da wuri, ba sa ɓantarewa, kuma dutse na kama su. Sai manyan alhazai, S30V na Amurka da M390 na Böhler a Ostiriya da MagnaCut da ya fito a 2021, waɗanda 'yan YouTube ke ta kuzutawa. Ƙarafa ne na gaske ba musu, amma S30V da M390 cike suke da banadiyom, wani sinadari da ke sa su wuyar wasawa, ranar da suka dakushe dutsen Baba ba zai yi musu komai ba sai dai ka yi ta gumi, sai ka nemo dutse mai daimon, shi ma wani kuɗin ne kuma ba a kowane lungu ake samunsa ba. Wuƙar sefa dubu ɗari da ta dakushe ba ka da abin wasa ta, wallahi ta dubu biyu mai kaifi ta fi ta amfani a ranar.

Abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa, tunda ba a ƙasarmu suke ba, shi ne ƙura. Yawancin sababbin wuƙaƙen yayi suna juyawa ne a kan boris ƙanana ƙanana a gindin ruwan, shi ke sa su buɗe sumul. A ɗaki mai sanyi daɗi ne. Amma ka sa ta aljihu daga Disamba zuwa Fabrairu kana yawo a moto tsakanin Garwa da Pitowa, za ka fara jin ƙurus-ƙurus kamar kana tauna tsaki, sai ka kwance ta ka wanke, kwancewar ma sai da sukudireba mai kan tauraro, Torx T6 da T8, wanda ba kowane mai gyaran waya ke da shi ba. Mai washa, wato wadda aka sa mata faifan tagulla a maimakon boris, ba ta kai waccan santsi ba amma ƙura ba ta cika samun wurin ɓuya ba. In kai mai zaman ofis ne sayi mai boris ka more, in kuwa gona ce ko tike ko tuƙin kamiyo, nemi mai washa. Ontario RAT 1 mai washa ce, Spyderco Tenacious ma haka.

Sai kulle. Akwai marasa kulle sam, sifirin ne kawai ke riƙe ruwan, kamar Douk-Douk da yawancin ƙananan Victorinox na Suwizalan. Akwai mai saƙata a baya irin Buck 110 da ta fito tun 1964, tana da ƙarfi amma nauyinta kamar ka sa kwaɗon ƙofa a aljihu. Akwai wadda wani siririn ƙarfe ke tokare ruwan daga ciki, ita ta fi yawa yanzu, kuma nan jabu ke tona kansa: buɗe ta, ka kama ruwan ka girgiza sama da ƙasa da gefe, in ka ji motsi ajiye ta, sannan ka leƙa ka ga tokarin ya shiga sosai ko a gefen baki kawai ya tsaya. Yatsa ba ya tsirowa.

Yanzu bari in faɗi abin da ke aljihuna. Opinel lamba 8 ce, tsawon ruwanta santimita 8.5, mariƙin katako, da zoben nan da ake murzawa a kulle wanda suka ƙara a 1955, kamfanin kuwa tun 1890 yake a yankin Savoie na Faransa. A can tana kamawa tsakanin yuro 10 zuwa 15, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ka ga dubu bakwai zuwa goma ke nan kafin kuɗin kawowa da na duwan. Sirin ruwanta ne ya sa take yanka fiye da wasu masu tsada, albasa, kilishi, fata, fiƙe fensirin yara, duk ba gardama, don kauri shi ke hana wuƙa shiga abu ko da bakin na da kaifi, irin masu kaurin milimita 4 ɗin nan tsaga goro suke ba yanka ba. Aibinta ɗaya, katakon na shan ruwa. Na je Ngawundare da damina ta kumbura ta ƙi buɗuwa har farcena ya kusa karyewa, sai da wani ya nuna min a buga ƙarshen mariƙin a kan benci, ruwan ya ɗan leƙo a kama. Da na dawo zafin Garwa ta saki da kanta, har ta so ta yi sako-sako.

Douk-Douk kuma, ta Cognet a garin Thiers tun 1929, fallen ƙarfe ne aka naɗe aka yi mariƙi, ba katako ba boris ba abin da zai kumbura, shafal take kamar ba komai a aljihu, ta daɗe tana yawo a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki. Amma sifirinta da ƙarfi, wajen rufewa ka janye yatsunka, kuma in aiki ya yi tsawo mariƙin na cin tafin hannu. Okapi mai zoben ja, wadda aka fara a Jamus a 1902 daga baya aka koma yinta a Afirka ta Kudu, ita ma baƙin ƙarfe ce mai arha, sai dai sau da yawa sabuwa ba ta zuwa da kaifi sai ka zauna mata, kuma kwaikwayonta ya cika kasuwa.

Wanda ke son ta zamani mai buɗewa da hannu ɗaya da maƙalin aljihu, kada ya raina kayan Sin don an ce na Sin ne. Civivi da ake yi a Yangjiang aikinsu tsaf yake, galibi dala 50 zuwa 70, wato kusan dubu talatin zuwa arba'in, in ka samu zaɓi tsakanin D2 da 14C28N ni dai na biyun zan ɗauka saboda gumi, don D2 duk da kuromiyom ɗinsa bai cika inoks ba, aljihun mutum a watan Afrilu kuwa ai tafki ne. Ganzo da Sanrenmu sun fi arha, suna aiki, ko da yake wasu samfuransu kwafin na wasu ne. Daga dala 150 zuwa sama sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi ba ce in kana da hali, ni ma ina kallon hotunansu da dare kamar mai kallon motar da ba zai saya ba.

Abu biyu kafin ka miƙa kuɗi. Irin masu kama da na yaƙi, baƙaƙe masu haƙora da hoton ƙoƙon kai, ka tuna hanyoyinmu da shingayen jandarma, musamman in ka nufi Marwa ko Kuseri, mai mariƙin katako da ka fere rake da ita ba a yi mata kallon da ake wa waccan, kuma a filin jirgi galibi wuƙa ba ta shiga jakar hannu. Na biyu, don Allah kada wani ya ce zai yanka ragon layya da wuƙar aljihu don ya saye ta da tsada. Wannan aikin doguwar wuƙa ce ta maƙera, wadda suke bugawa da sifirin mota, tawa tana rataye a ɗaki cikin kuben da na sayo wajen dukawan Marwa, sai ana gobe Sallah nake kai wa Baba ya wasa.