Kofin Shan Shayi a Waje: Wanne Ya Kamata Ka Saya Kafin Hunturu?

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gona da asubar Janairu, ko a bakin ƙofa yana gadi, ko a tasha yana jiran mota ta cika, ya san iskar hunturu ba ta barin abu mai zafi ya daɗe. Kafin ka gama gaisawa da mutum biyu shayin ya huce, ƙura kuma ta kwanta a samansa. Saboda haka kafin ka shiga kasuwa, fara amsa tambaya ɗaya: a can wajen za ka dafa shayin, ko daga gida za ka ɗauko shi? Amsar ita ce za ta zaɓa maka kofi.

Kofin tangaran ya fi kowanne daɗin sha, ba ya canza ɗanɗano, amma yana da nauyi kuma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. A bar shi a gida. Na roba kuwa arha ne, ba ya ƙona hannu, sai dai yana riƙe ƙamshi: ka sha shayi mai citta da kanumfari yau, gobe ka zuba kunu ka ji su a ciki. In dole sai shi, juya gindinsa ka duba. Wanda aka buga wa lamba 5 ko haruffan PP ya fi jure ruwan zafi. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ni dai ba zan zuba masa tafasasshen ruwa ba.

Kofin silba mara nauyi, na alminiyam, shi ne ya fi yaudarar mai saye. Alminiyam na ɗaukar zafi fiye da ƙarfen da ba ya tsatsa sau goma da ɗoriya, shi ya sa bakinsa ke ƙona leɓe a kurɓin farko, sannan nan da nan ya miƙa wa iska sauran zafin. Mai fenti irin na langa ya fi shi kyan gani, ana kuma iya ɗora shi kan gawayi, amma fentin nan gilashi ne da aka narka a jikin ƙarfe. Da zarar ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa.

Sauran biyun duk na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma a nan ne zaɓin gaske yake. Mai bango ɗaya na wanda ke kunna wuta a wurin ne: manomi, makiyayi, maharbi, ko 'yan majalisar dare da ke da murhun gawayi a gefe. Shayi ya huce, ka mayar da kofin kan wuta, shi ke nan. Nemi mai mariƙi da yatsu uku ko huɗu za su shiga, ka kuma duba yadda aka liƙa mariƙin, don ta nan suke fara lalacewa.

Mai bango biyu ɗan'uwan fulas ne. Tsakanin bangon ciki da na waje an zuƙe iska, sai zafi ya rasa hanyar fita. Dabarar tsohuwa ce: James Dewar, masanin kimiyya ɗan Sikotilan, ya ƙirƙiro ta a 1892, a 1913 kuma William Stanley na Amurka ya yi ta da ƙarfe zalla maimakon gilashi mai fashewa. Ga direba, mai gadi, ɗan acaɓa ko ɗalibi mai karatun dare, wannan nake ba da shawara ba tare da wani kokwanto ba. Amma kada a kuskura a ɗora shi kan wuta, lalacewa zai yi. Kuma ba duk mai bango biyu ne aka zuƙe wa iska ba. Kasuwa cike take da masu kama da shi. Gwajin ba wuya: roƙi mai shayin da ke kusa ya zuba maka ruwan zafi, ka rufe, ka riƙe kamar minti biyar. In jikin kofin ya ɗauki zafi, mayar wa mai kaya abinsa. A leƙa gindi ko ciki a ga ko an buga 304 ko 18/8, wato ƙarfe mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel. Mai lamba 201 ya fi arha, ya kuma fi saurin yin ɗigon tsatsa.

Abin da na fi so mai saye ya tsaya a kai shi ne murfi. Zafi mai yawa ta sama yake fita tare da tururi, kuma a watannin hazo murfi ne ke raba shayinka da ƙura da ƙuda. Mai dannawa ya isa in a zaune kake. In a jaka ko kan babur za a ɗauka, sai mai murɗawa. Cika shi da ruwa, kifa shi, girgiza, ka ga ko zai yi yoyo. Ka kuma tabbatar robar da ke zagaye da murfin tana cirewa, domin madara na maƙalewa a ƙarƙashinta ta yi tsami, wankin sama-sama ba ya fitar da ita.

Kofi mai riƙe zafi yana da nasa haɗarin. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 cikin abubuwan da wataƙila ke jawo dajin hanyar abinci. Mu kuwa mun saba da shan shayi yana tururi. A buɗe murfin ya ɗan sha iska tukuna, musamman in yaro za a miƙa wa.

Batun girma, mililita 350 ya ishi shayi da burodi. Mai son kunun gyaɗa ko koko ya nemi na 450 zuwa 500 mai faɗin baki, yadda cokali da soso za su kai har gindi. Masu shayin Buzaye kuma, irin na Agadas da ake dafawa zagaye uku, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai maye musu ƙananan kofunan gilashi. Abin da suke buƙata shi ne ɗan gwangwani mai tsumma a ciki da zai kare su daga fashewa a hanya.