Gimbiya da murar hunturu: abin da na gani a asibitin dabbobi

Ranar da na ɗauki Gimbiya zuwa asibiti, sai da mai Keke ya waiwayo sau biyu. "Hajiya, mage ce a kwalin nan?" Na ce mage ce. "Asibiti za a kai ta?" Na ce asibiti. Bai ƙara cewa uffan ba, amma ina kallon kafaɗunsa suna rawa har muka isa.

Gimbiya kyanwar Ummanmu ce, shekararta 12 a gidan, in da mutum ce da ta haura 60. Ta daɗe da yin ritaya daga kamun ɓera, aikinta kwanciya a gefen dardumar Umma. A tsakiyar Janairu, ƙurar hunturu ta lulluɓe Kaduna, sai ta fara atishawa. Bayan kwana biyu majina ta biyo, da fari ruwa-ruwa, daga baya ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa. Idon hagu ya yi jajir, kwantsa ta liƙe shi, farar fatar nan ta lungun ido ta taso ta rufe rabinsa. Duk ban tsorata ba sai ranar da na ajiye mata kifi, ta kalle shi ta juya baya.

Kafin asibiti na fara da kemis ɗin unguwa, aka ba ni maganin ɗigawa irin wanda ake ba masu apolo. Umma kuma ta ce a ɓallo mata rabin farasitamol, "ai mura ce". Ko ɗaya ban ba ta ba, kuma ba don wayo ba, ita ce ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Ashe gudun nan ne ya cece ta.

Asibitin mai zaman kansa ne, kuma daga ƙofa za ka gane ba don kyanwoyi aka buɗe shi ba. Karnuka biyu a ɗaure a benci, wani bawan Allah da rago, wani da matattun kaji a leda yana son a duba abin da ke kashe masa su. Mun fi awa guda muna jira, karnukan na haushi, Gimbiya na karkarwa a kwali. Wannan ne ƙorafina na farko. Ko labule suka sa suka raba wurin zaman, da an rage wa dabbar tashin hankali, balle da na ji daga bakin likitan kansa cewa firgici na cikin abin da ke tayar da wannan cutar.

Amma da muka shiga, sai na huce. Likitan matashi ne, bai yi mana kallon mahaukata ba. Ya ɗora ta a sikeli, kilo 3 da ɗan ɗoriya. Ya auna zafin jiki ya samu 39.7, ya ce na lafiyayyar kyanwa daga 38 ne zuwa kamar 39.2. Ya buɗe bakinta ya duba harshe da dasashi da haƙora, ya tambaye ni ko majinar daga hanci ɗaya take fita ko duka biyu, ko akwai jini. Ya ce a tsohuwar kyanwa, majinar hanci ɗaya da ta ƙi jin magani tana iya zama ruɓaɓɓen haƙori ko wani tsiro a cikin hanci, ba mura ba. Tata duka biyun ne.

Sai ya kashe fitila. Ya ɗauko wata 'yar siririyar takarda mai ruwan lemo a bakinta, ya jiƙa, ya taɓa idon da ita, ya haska da shuɗiyar tocila. Ya ce, "Hajiya, matso ki gani." A tsakiyar ƙwayar idon ga wani ɗan tabo kore shar yana ƙyalli, bai kai ƙwayar gero ba. Gyambo ne a fatar gaban ido. Na zaro maganin kemis daga jaka na miƙa masa. Ya karanta jikin kwalbar, ya nuna mini kalmar dexamethasone da yatsa, ya ce da na ɗiga wannan a kan gyambon, da ya hana shi warkewa ya ƙara zurfi, ido na iya fashewa. Da na ambaci farasitamol kuwa, ajiye biron hannunsa ya yi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana lalata mata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ta mutu. Wannan gwajin na minti biyu da wannan gargaɗin, su kaɗai sun biya ni kuɗin da na kashe.

Bayanin da ya yi mini shi ne, mafi yawan murar kyanwa bairas biyu ne ke kawo ta, herpes na kyanwa da calici, kuma ba sa kama mutane. Herpes ɗin in ya shiga ba ya fita, yana laɓewa a jijiyar fuska har tsawon rai, sai tsufa ko wata damuwa ta raunana jikin ya taso. Wato mai yiwuwa Gimbiya tun tana 'yar ƙarama take ɗauke da shi. Maganin da zai ba mu ba ya kashe bairas, bakteriyar da ta hau kai yake yaƙa, musamman wata mai suna Chlamydia da ke son ido. Na ji daɗin da ya faɗi haka tun farko, bai yi mini alkawarin warkewa cikin kwana uku ba.

Ya ba mu man ido na tetracycline, da doxycycline na sha, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinta, sau ɗaya a rana, har mako huɗu. Ya ja kunnena cewa duk lokacin da na ba ta, in bi da ruwa a sirinji kamar cokalin shayi guda, don in ƙwayar ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona wurin har ya tsuke. Inda suka gaza shi ne rubutu. Komai da baki aka faɗa mini, ledar maganin ba komai a jikinta, na dawo gida ina kokwanton man sau nawa ne a rana. Na kira lambarsu har sau huɗu kafin a ɗauka. Gwajin jinin ƙoda ma, wanda shi da kansa ya ce ya kamata a yi wa kyanwa mai shekarunta, ba su da na'urar, sai an kai wani wuri.

Sauran aikin kuwa a gida yake, kuma shi ne mai wuyar. Da asuba in jiƙa auduga da ruwan ɗumi, in ɗora a idon har kwantsar ta yi laushi, in share daga lungu zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Sai in naɗe ta da tawul kamar jinjira, kai kawai a waje, Umma ta riƙe, ni in ja fatar ido ta ƙasa in matsa ɗan man ba tare da bakin tubu ya taɓa idon ba. Ranar farko ta yakushe ni a wuyan hannu, tabon na nan. Da dare mu yi sirace: bokitin ruwan zafi a banɗaki, a rufe ƙofa, in zauna da ita a cinya minti goma zuwa sha biyar. Ruwa zalla, ba man zafi ba ganye, likita ya ce irin waɗannan suna cutar da ita. Umma ta so ta jefa ganyen darbejiya, muka ɗan yi 'yar muhawara, na yi nasara.

Abinci ne ya fi ba ni tsoro. Kyanwa da hanci take ci, in ya toshe sai ta ƙi, kuma in ta yi 'yan kwanaki ba ci hanta na iya taɓuwa. Kifin gwangwani ne ya fid da mu. In ɗan ɗumama shi har warinsa ya cika kicin, in goge mata hanci tukuna, sannan in lakato a yatsa. Rana ta uku ta lasa. Rana ta huɗu ta ci daga kwano, Umma ta ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi kamar an yi haihuwa.

Ido ya buɗe a rana ta shida. Da muka koma bayan kwana goma ya sake gwajin nan na shuɗiyar tocila, babu koren tabo, kuma bai karɓi kuɗin ganin likita karo na biyu ba. Majina ta fi daɗewa, sai a mako na uku ta tsaya. Na tambayi allurar rigakafi, ya ce tana rage tsananin cutar ko da ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, amma a ranar ta karnuka kawai ke cikin firijinsu.

Zan koma wurinsu? Zan koma, amma da sassafe kafin masu karnuka su zo, da littafi da biro a jaka. Na ma riga na koma, don a watan Afrilu da gida ya cika da 'yan biki Gimbiya ta sake fara atishawa, idon hagun nan ya ciko da hawaye. Wannan karon ban bi ta kemis ba, kuma na sayi kwando mai murfi, mai Keke bai san abin da ke ciki ba.