Yatsan Roba: Na Zurawa ko Na Dasawa a Ƙashi

Wanda injin niƙa ko zarto ya datse wa rabin yatsa, babbar damuwarsa bayan raunin ya warke ita ce yadda yatsan roba zai zauna daram a kan dungulmin. Hanya ta farko ita ce yatsan silikon (wata roba mai laushi) da ake zurawa kamar safa, inda matsewar robar da rashin iska a ciki suke riƙe shi. Ba ya buƙatar tiyata, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma ana daidaita launinsa da na fata har da farce. Sai dai yana son dungulmin da ya kai kusan santimita ɗaya da rabi, kuma gumi yana sa shi santsi, har mutum ya zaro hannu daga aljihu ya bar yatsan a ciki.

Hanya ta biyu ita ce dasa ƙaramin ƙarfen titaniyam a cikin ƙashi, dabarar da likita Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara amfani da ita wajen dashen haƙora a 1965. Bayan an jira watanni ƙashi ya kama ƙarfen, sai a ɗaura yatsan a kansa, ba ya zamewa, kuma mai shi yana jin matsi ta cikin ƙashi idan ya riƙe alƙalami ko makulli. Amma inda ƙarfen ya huda fata kafa ce ta ƙwayoyin cuta, dole a riƙa tsabtace ta kullum.

A ganina, babban yatsan da ya guntule kusa da tushe ya cancanci wannan wahala, domin da shi ake damƙar komai.