Shagon da ya juye mini kaset-kaset ɗin Baba

Kwali biyu na kaset Baba ya bari, Allah Ya jiƙansa. Guda 143 na ƙirga ranar da aka kwashe kayan ɗakinsa, ga kuma nawa kusan 60 da na tara tun ina sakandare da ragowar kuɗin tara. Shekara da shekaru suna ajiye a saman sif. Bana da damina ta ɗauke na sauko da su, sai na tarar wasu sun fara fumfuna, hankalina ya tashi ƙwarai.

Za a ce ai masu tura waƙa a waya suna da Shata, suna da Ɗanƙwairo. Suna da su, na kuma sha saya. Amma yawanci kwafin kwafi ne, murya a dushe, farkon waƙa a yanke. Sannan akwai abin da ke cikin kwalin nan da babu shi a wayar kowa.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen shagon, a wani lungu kusa da kasuwar Sabon Gari a nan Kano. Ɗan ƙaramin wuri ne, benci ɗaya, rikoda biyu manya irin na da, da tsohuwar kwamfuta. Mai shagon dattijo ne, asalinsa mai gyaran rediyo da rikoda. Kaset biyar na fara kai masa don gwaji, na zauna ina kallon hannunsa.

Bai sa kaset a rikoda kai tsaye ba. Sai da ya ɗaga shi a haske, ya zura biro a rami ya juya a hankali yana jin ko zaren ya manne. Ɗaya daga cikinsu ɗan audugar nan da ke danne zare a jikin kan rikoda ya faɗi. Ya kwance kusoshi biyar na gidan kaset ɗin, ya ɗauke ƙullin zaren da ɗan yatsa biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya mayar da shi cikin wani lafiyayyen gida. Ya goge kan rikodar da auduga da sifirit, ya tura zaren har ƙarshe ya dawo da shi, sannan ya kunna.

Na Alhaji Musa Ɗanƙwairo ne. Ni dai a kiɗan Hausa, kotso ne ya fi shiga raina, saboda yadda 'yan amshi ke karɓe waƙa daga bakin ubangidansu su ƙarasa masa ita. Da farko sautin ya fito kamar daga cikin tulu. Sai dattijon ya ɗauko ɗan siririn sukundireba ya fara murza wani noti da ke gefen kan rikodar, kunnensa a jikin sifika. Ina zaune na ji muryoyin suna warewa ɗaya bayan ɗaya, har ina iya rarrabe mai siririyar murya da mai kauri a cikin amshin. Ya ce, "Alhaji, kowane kaset da irin zaman kan da aka ɗauke shi da shi. In ban daidaita ba, rabin waƙar zan ba ka." Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma a wannan minti kamar a ƙofar shagon suke zaune.

Da kuntigin Ɗanmaraya Jos na auna lafiyar rikodarsa. Tsirkiya ɗaya ce tal a kan gwangwani, saboda haka in bel ɗin rikoda ya saki ko kaɗan, nan take za ka ji sautin yana rawa. Bai yi rawa ba. Na Shata da na Barmani Choge, wanda uwargida ta ce lallai in haɗa da shi, su ma sun fito tas. Ƙwaryar Amada ta fito da ƙarfinta.

Na biyar shi ne ya kai ni. TDK ne mai minti 90, da rubutun Baba a jiki: "Bikin Yaya, 1987". Ina ɗan shekara goma sha biyu a lokacin. An kira wani mai kukuma na unguwarmu, aka share ƙofar gida bayan isha'i, aka shimfiɗa tabarmi. Baba ya kifa turmi ya ɗora rikodarsa a kai, ya sa ni gadi, aikina in juya kaset idan gefe ɗaya ya cika. Shi ne wasa na farko da na gani da idona, kuma har yau ina tuna yadda mai kukumar ke runtse ido yana jan izga, ana liƙa masa kuɗi a goshi ko motsi ba ya yi. Mutumin nan bai taɓa shiga situdiyo ba. Iya sanina, abin da ke cikin kaset ɗin nan ne kaɗai ya rage na muryarsa.

Ɗaukar tana da hayaniya sosai: guɗa, kukan yara, sanƙira yana kiran sunayen masu kyauta, ga shuuu ɗin zare. Dattijon ya ce kwamfuta za ta iya rage ƙarar, amma in aka matsa mata sai ta haɗa da bakin kukumar ta cinye. Ya yi mini guda biyu, ɗaya yadda take, ɗaya an ɗan share. Ta asalin na fi so. Wajen minti na 44, daf da ƙarewar gefen farko, ga muryar Baba kusa da rikoda: "Kai, kar ka taɓa tukuna, bari ya kai aya." Shekara tara rabona da muryar nan. Dattijon ya rage sauti, ya fita waje ya bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci.

Naira 1,500 yake karɓa a kan kowane kaset, gyaran gida ko ɗinkin zare daban. Ban ga tsada ba, domin kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 cur, kuma yana zaune yana saurare. Yana bayarwa a MP3, wanda ya isa jin waya. Na ajiya kuwa ka ce a ba ka WAV, wato fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba. Kaset ɗaya yakan kai megabait 900, don haka ka je da filasharka mai kyau. 'Yar memorin da ya sayar mini ba ta yi wata guda ba ta daina buɗewa, Allah Ya sa na riga na kwafe.

Abin da ya ɓata mini rai biyu ne. Ya ce mako guda, sai da na yi sawu uku aka kai mako uku, don ba ya aiki da janareta, yana cewa gurnaninsa na shiga ɗauka. Na yarda da dalilinsa, amma da ya faɗa mini tun farko. Sannan ba ya rarraba waƙoƙi, ba ya sa suna. Gefe guda fayil guda, lamba kawai. Dare biyu na yi da littafi ina saurare ina rubutawa.

Yanzu goma-goma nake kai masa, na fara da masu fumfuna. Na bikin kuwa tun a daren da na karɓo shi na tura wa Yaya a Zariya. Da asuba ta kira ni, ta ce guɗa ta biyun nan ta Gwaggo ce, ta kuma lissafo mini mutum shida da sanƙiran ya kira waɗanda ni ban gane su ba. Na ƙara sunayensu a littafin.