Thunderbird da wasiƙun da ake gogewa su sake dawowa

Thunderbird manhaja ce ta kyauta ta karanta imel a kwamfuta, wadda gidauniyar Mozilla ta fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a watan Disamba na 2004. A kan abu guda nake son auna ta, wato yadda take taimaka wa wanda ya goge wasiƙa da yamma, ko ya mayar da ita wata folda, washegari kuma ya tarar da ita zaune a akwatin saƙonninsa kamar ba a taɓa ta ba. A wannan fanni manhajar ta cancanci yabo, duk da cewa ta ɓoye kayan aikinta a lungun da ba kowa ke leƙawa ba.

Tushen matsalar ya girme ta. Tsarin IMAP, wato ƙa'idar da manhajar imel ke bi wajen karanta wasiƙu, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, yana ajiye ainihin wasiƙun a kan sabar kamfanin imel, wato babbar kwamfutarsa, kuma gogewa a cikinsa mataki biyu ce: da farko a sa wa wasiƙa alamar cewa an goge ta, daga baya a aika umarnin share ta gaba ɗaya. Idan intanet ya yanke kafin umarnin ya isa sabar, ko aka rufe kwamfuta a gaggauce, wasiƙar tana nan daram, kuma da zarar an sake haɗuwa tana iya bayyana. Thunderbird ta shimfiɗa wannan a fili. A cikin saitin kowane asusun IMAP, ƙarƙashin Server Settings, akwai zaɓi uku game da abin da zai faru idan an goge wasiƙa: a kai ta kwandon shara, a sa mata alama kawai, ko a cire ta nan take. Akwai kuma wurin da za a umarci manhajar ta share wasiƙun da aka yi wa alama a akwatin saƙonni duk lokacin da aka rufe ta. Zaɓi na biyu shi ne ya fi jefa mutane cikin ruɗani, domin wayar da ke kallon asusun ɗaya za ta iya ci gaba da nuna wasiƙar.

Masu Gmail suna da ƙarin aiki, saboda Gmail ba ya amfani da folda ta gaskiya, laƙabi yake liƙa wa wasiƙa. Cire ta daga akwatin saƙonni yana cire laƙabin ne kurum, ita kuwa tana nan a All Mail, inda ake tara dukkan wasiƙu, kuma idan wani ya aiko da amsa a kan zancen, shafin Gmail zai dawo da zaren hirar gaba ɗaya. Maganinsa shi ne a saita Thunderbird ta riƙa kai abin da aka goge zuwa kwandon sharar Gmail ɗin kansa, inda ake share shi bayan kwana 30.

Wurin da na fi ganin gazawar manhajar shi ne batun Compact. Thunderbird tana tara wasiƙun folda guda a cikin dogon fayil guda, kuma gogewa ba ta cire komai daga cikinsa, tamkar malamin da ya ja layi a kan sunan ɗalibi a rajista amma rubutun yana nan a shafin. Sai an danna Compact ne ake sake rubuta fayil ɗin ba tare da gogaggun wasiƙun ba. Idan aka daɗe ba a yi ba, fayil ɗin ya kumbura, ƙaramin fayil ɗin da ke riƙe da jerin wasiƙun kuma ya lalace, tsofaffin wasiƙu suna iya sake fitowa. Manhajar takan nemi izinin yin aikin da kanta, sai dai sunan da aka ba shi bai bayyana manufarsa ba, har mutum ya ji tsoron kada ya rasa takardunsa ya soke. Maɓallin Repair Folder, wanda ke sake gina jerin, shi ma yana can cikin bayanan folda. Yana da kyau a kwafe bayanan asusun zuwa wani wuri kafin a taɓa ɗayansu.

Masu tsohon tsarin POP kuwa, wanda ke sauke wasiƙu daga sabar zuwa kwamfuta, idan fayil ɗin popstate.dat ya lalace, manhajar takan manta abin da ta riga ta sauke, ta sake kwaso duk abin da aka bari a sabar.

Ga ofishin da ke da asusu da yawa da ma'aikacin da zai zauna ya daidaita saitin sau ɗaya, ina ganin Thunderbird ta dace ƙwarai. Wanda kuma ya sa sigarta ta Android, wadda ta fito a watan Oktoba na 2024 bisa tubalin manhajar imel ta waya mai suna K-9 Mail, ya sani cewa tana da nata saitin gogewa daban, kuma wajibi ne ya daidaita shi da na kwamfutar.