Bayan tarin fukar mahaifa: tiyatar bututu ko IVF?

Matan da suka gama shan maganin tarin fukar mahaifa na wata 6, kuma suke neman haihuwa, suna yawan tambaya: a buɗe bututun mahaifa da tiyata, ko a tafi IVF, wato dashen ciki a asibiti?

Tiyata ta fi sauƙin kuɗi. Sai dai cutar tana cinye cikin bututun, ko an buɗe shi kan sake toshewa, ga haɗarin ciki ya zauna a bututu. IVF kuwa ba ruwansa da bututu, a waje ake haɗa ƙwai da maniyyi, amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma ba lallai a dace a zagaye ɗaya ba.

Mai ƙaramar toshewa tana iya gwada tiyata. Wadda bututunta suka lalace amma bangon mahaifarta lafiya lau, IVF ya fi mata.